Salsalar Masu Zane Marar Kama, da Inda Aka Yanke Ta

Akwai wani irin zane da ya bayyana a ƙasashen Turai tun wajen shekara ta 1910, wanda har yau mutane ba su bar gardama a kansa ba. Mai zanen ya kan ɗauki fenti da ƙyalle ya yi aikin wata guda, ko ma shekara, amma in ka duba ba za ka ga mutum ba, ba doki, ba itace, ba gida. Sai launi da layi kurum, ja kusa da baƙi, da'ira bisa murabba'i. Tun da ya ke ba ya kama da kome na duniya, bari mu kira shi zane marar kama.

Mutane iri biyu ne ke ɓata maganar wannan zane. Akwai masu cewa shirme ne, ko ɗan yaye in aka ba shi fenti sai ya yi. Akwai kuma masana, masu manyan littattafai, waɗanda su ke koya wa duniya wai waɗansu Turawa uku ko huɗu ne masu baiwa suka ƙago shi daga cikin kansu. Na farko ba su tsaya sun duba ba ne. Na biyun kuwa sun duba, sun gani, suka rubuta rabi suka bar rabi, don haka da su na ke da babbar magana. Amma bari mu fara sallamar masu dariya.

Ba na cewa ba su da abin kamawa. Akwai wani zane na Piet Mondrian, mutumin Holan, wanda ya yi a 1941 da ɓallin takarda mai danƙo, ja da shuɗi da rawaya. Tun 1945 a ke rataye shi mutane suna zuwa kallo, da fari a birnin Niyok, daga baya a Jamus. Sai a 2022 wata ma'aikaciyar gidan da ya ke ajiye ta gano ashe duk shekarun nan a kife a ke rataye shi, sama a ƙasa. Aka kuma bar shi hakanan, don tsoron kada a juya shi ya lalace. Kowa ya ji wannan ya yi dariya ba a ga laifinsa ba. Haka kuma maganar kuɗi. Wani zane da Willem de Kooning ya yi a 1955 an sayar da shi a 2015 a kan kimanin dala miliyan 300. Wannan kuɗi ba ya shaidar kyan zanen, iyaka dai ya shaida mai sayen attajiri ne. Kowace kasuwa da 'yan damfararta, kasuwar zane ma ba a bar ta a baya ba.

To, amma dubi yadda shi Mondrian ɗin ya kai ga layukansa. Makarantar zane ya yi a Amsterdam, ya shekara da shekaru yana zana gonaki da koguna da injin niƙa mai aiki da iska, kowa ya gani ya san abin da aka zana. Wajen 1908 ya kama zanen itace. Na farko itace ne sosai, ja, da gindi da rassa. Wanda ya yi a 1911 toka-toka ne, rassan sun fara zama layuka masu lanƙwasa suna sarƙe juna. Wanda ya yi a 1912 kuwa, in ba an gaya maka ba, ba za ka ce itace ba ne, sai dai ka ji yadda rassa ke tokare juna. Ya yi ta ragewa, yana zubar da abin da ya ga ba dole ba ne, har wajen 1920 ya rage masa baƙaƙen layuka na tsaye da na kwance, da launi uku. Aikin shekara goma sha biyu ke nan. Ɗan yaye bai iya zana itace ba balle ya san abin da zai rage a jikinsa.

Kai ma mai karatu, in ka ce abin da bai yi kama da kome ba shirme ne, to dubi gaban babbar rigarka. Aska takwas a ke ce da ɗinkin nan, amma wane wanzami ne zai yi maka aski da ita? Dagin da ke jikin soro dagin wace dabba ce? Ba ka taɓa tambaya ba, alhali kuwa da ganin riga daga nesa ka san aikin gwani, ka san na ɗan koyo, har ka kan biya ninki biyu don bambancin. Idon da ka ke rarrabe su da shi, shi ne dai a ke bukata a wancan zane. Sa'an nan ya kamata mai dariya ya san da wa ya yi tarayya. A 1937 gwamnatin Hitler ta ƙwace zane-zane daga gidajen nuni na Jamus, ta jera kimanin 650 a birnin Munik don jama'a su zo su yi musu ba'a, ta ce aikin lalatattu ne. A ciki har da na Kandinsky da Klee da Mondrian.

Shi ke nan ga masu dariya. Yanzu ga masana.

A ƙasarmu malami ba ya cika malami sai ya iya faɗin wanda ya karantar da shi, da wanda ya karantar da wancan, har salsala ta kai inda za ta kai. Masu zane ma suna da salsala, Turawa kuwa sun rubuta ta. A 1936 Alfred Barr, shugaban farko na Gidan Zanen Zamani na birnin Niyok, ya shirya wani babban nuni na zane marar kama, ya zana taswirar asalinsa a bangon littafin nunin. Taswirar nan ta yi suna ƙwarai, an daɗe ana koyar da ɗalibai da ita. A samanta ga sunayen magabata, su Cézanne da Gauguin da Van Gogh da Seurat, kowa da shekarar mutuwarsa. Daga nan kibiyoyi suna gangarowa zuwa ga salo iri iri, kowane da garinsa da shekarar da ya fara. A gefe kuma ga waɗansu 'yan akwatuna da jan tawada. Ɗaya an rubuta hotunan Japan a ciki, ɗaya ayyukan ƙasashen Gabas, ɗaya sassaƙar baƙar fata, na huɗu kuwa kyan injuna. Ba sunan mutum ko ɗaya a cikinsu, ba gari, ba shekara. Watau dukan masassaƙan Afirka, da dukan gwanayen ƙasashen Musulmi na shekara dubu, an ba su matsayi ɗaya da inji: abin da a ke ɗiba daga gare shi, ba malamin da a ke ambato ba.

Bari mu bi salsala ɗaya mu ga inda ta tsinke. Mark Rothko, wanda aka haifa a ƙasar Rasha a 1903 aka kai shi Amurka yana yaro, shi ne mai manyan zane-zanen nan na faifan launi biyu ko uku, ɗaya bisa ɗaya, gefunansu a dushe kamar hazo. Daga ina ya samo? Shi da kansa ya nuna. A 1949 gidan nan na Niyok ya sayi wani zane na Henri Matisse, mutumin Faransa, wanda ya zana ɗakin aikinsa ya rine shi duka da ja guda, bango da ƙasa da tebur. Rothko ya yi watanni yana zuwa yana tsayawa gaban zanen nan, a 1954 kuma ya yi wani zane ya sa masa sunan Matisse don girmamawa. To, Matisse fa? Jan ɗakin nan a 1911 ya zana shi. Shekara guda kafin nan, a 1910, an yi wani gagarumin nuni a Munik na ayyukan hannun Musulmi, kaya fiye da 3,500, darduma da tangaran da aikin tagulla da saƙa da hotunan littattafan Farisa. Matisse ya taso takanas daga Faransa ya zo ya gani. Bai huta ba, a ƙarshen shekarar ya wuce Andalus ya shiga fadar Alhambra, inda bango duka zayyana ce tun daga ƙasa har rufi. A 1912 ya tafi Tanja ta ƙasar Maroko. Abin da ya koyo a wuraren nan shi ne launi na iya shimfiɗuwa ya cika fili ba tare da inuwa ko zurfi ba, ya kuma ishi ido. Da ya tsufa ya faɗa da bakinsa cewa daga Gabas idonsa ya buɗe.

Ka ga salsala: Rothko daga Matisse, Matisse daga wa? Nan littafi ya kan ce "daga Gabas", ya wuce. Gabas ba mutum ba ce. Dardumar da Matisse ya tsaya gabanta wani ne ya tsara ta, waɗansu suka ƙulla ta zare bayan zare, su ma kuwa da malamansu.

Wassily Kandinsky, wanda a kan kira uban wannan zane, shi ma ya ga nunin Munik, har ya rubuta wa wata mujallar Rasha labarinsa yana yabon hotunan Farisa. Amma shi nasa ya faro tun gabanin haka. Shari'a ya karanta a Masko. A 1889 aka aike shi lardin Vologda, can arewacin Rasha, ya binciki al'adun talakawan ƙauye. Ya shiga ɗakunansu na katako ya tarar an yi wa kome ado da launi, tebur da benci da akwati da murhu, har ya ji kamar cikin zane ya ke tafiya. Wannan abu bai bar zuciyarsa ba. Sai da ya shekara talatin, a 1896, ya bar shari'a ya tafi Munik koyon zane. Manoman Vologda su ma ba wanda ya san sunansu. Paul Klee kuwa a watan Afrilu na 1914 ya yi kamar mako biyu a Tunisiya, ya kai har Ƙairawan, garin malamin nan mai Risala da a ke karantawa a zaurukanmu. Daga tafiyar nan ya fara jera 'yan murabba'ai na launi, kamar yadda ya ga gidaje da ganuwa da ƙubbobi cikin hasken rana, ya kuma ɗauki wannan tafiya a kan ita ce ta mai da shi mai zane na gaske.

Labarin Picasso ya fi waɗannan ɗaci. Shi bai taɓa barin zanen siffa ɗungum ba, amma salon da shi da abokinsa Braque suka ƙago, na farfasa siffar abu a shimfiɗa ɓangarorinsa, shi ne tsanin da Mondrian da Malevich na Rasha suka taka. A 1907 Picasso ya shiga gidan ajiye kayan al'adu na Trocadéro a birnin Faris, inda aka tara sassaƙe-sassaƙen da aka kwaso daga ƙasashen da Faransa ke mulki. A shekarar nan ya zana mata biyar, biyu daga cikinsu da fuskoki irin na sassaƙar dodanni. Duk da haka akwai lokacin da aka tambaye shi ya nuna kamar bai san sassaƙar Afirka ba, ga ta kuwa jibge a ɗakinsa.

Jackson Pollock na Amurka ya fi shi gaskiya. Shi ne wanda daga 1947 ya riƙa shimfiɗa ƙyalle a ƙasa, yana zagaya shi yana ɗiga fenti da sanda. A 1941 ya ga gwanayen Nabaho, 'yan asalin ƙasar Amurka, suna zane da rairayi mai launi a ƙasa, suna zuba shi ta tsakanin yatsunsu. Da ya zo bayanin aikinsa ya ambace su. Ya kuma koyi wasa da fenti mai ruwa a 1936 wurin Siqueiros, mutumin Meziko. Sunan Siqueiros yana cikin kowane littafi. Na masu rairayi fa, ɗalibi nawa ne zai iya kawo ko ɗaya?

Kada a ɗauka ina cewa sata aka yi, ko kuwa mu ne muka ƙago zanen Turawa. Aro ba sata ba ne, kowane gwani ɗan aro ne. Mutanen nan kuma sun sami abubuwa da yawa a gidansu. Kandinsky ya ga zanen tarin busasshiyar ciyawa na Monet ya kasa gane ko mene ne, amma launin ya kama shi, ya kuma so zane ya yi aiki a zuciya yadda kiɗa ke yi ba tare da kalma ba. Na'urar ɗaukar hoto ma ta karɓe musu aikin kwaikwayon fuska, dole su nemi wani. Abin da suka yi da abin da suka aro nasu ne, sabo ne. Ƙarata ita ce an rubuta bashin da ke tsakanin Bature da Bature dalla-dalla, da suna da rana, aka dunƙule sauran bashin cikin kalma guda.

Masana suna da amsa biyu. Ta farko, wai wancan ado ne kurum, aikin hannu, wannan kuwa tunani ne. Kandinsky kansa ya ji tsoron kada a ɗauki zanensa kamar adon darduma. To, wa ya gaya musu mai darduma ba ya tunani? Zanen rairayi na Nabaho magani a ke yi da shi, marar lafiya ya kan zauna a kansa, in an gama a share. Mai zayyana fadar Alhambra lissafi ya ke yi wanda masana lissafi na zamani suka zauna suka yi nazari. In ma'ana a ke nema, ga ta nan har ta yi yawa. Ba a tambaya ba ne. Har a 1984, da gidan nan na Niyok ya sake jera sassaƙar Afirka da ta tsibiran teku kusa da ayyukan su Picasso, an yi ta sukarsa don bai bayyana abin da masu kayan su ke yi da su ba, sai dai a ga wanne ya yi kama da wanne.

Amsa ta biyu, wai ba a san sunayen ba, don mutanen nan ba su sa hannu a aikinsu. Wannan ita ce ta fi ba ni haushi. A garinsu an san su sarai. Wanda ya kwashi kayan ne bai tambaya ba, ko ya tambaya bai rubuta ba. Ga misali. A 1924 aka kai wata ƙofa ta fadar Ikere, ta ƙasar Yarbawa, wurin babban nuni a Landan, ta zauna a gidan tarihi na Ingila. Da masu bincike suka je suka yi tambaya daga baya, sai ga shi kowa ya san mai ita, Olowe na garin Ise, wanda ya rasu a 1938, har kirari gare shi. Ashe sunan yana nan, mai tambaya ne babu.

Ba baƙi kaɗai aka yi wa haka ba. Hilma af Klint, wata mace 'yar ƙasar Suwidin, ta fara manyan zane-zane marasa kama tun 1906, shekaru kafin Kandinsky. Ba ta cikin taswirar Barr. Gaskiya ita ma ta ɓoye aikinta, ta yi wasiyya kada a nuna shi sai ta shekara ashirin da mutuwa, ta kuwa rasu a 1944. Amma ko bayan wa'adin ya cika sai 1986 aka nuna shi sosai. Da aka baje shi a Niyok a 2018, mutum fiye da 600,000 suka zo kallo, dole aka koma aka gyara littattafai. Wannan ya nuna taswirar tana gyaruwa in an matsa.

Sai mu dubi abin da ya faru da kibiyar ta juyo. Ibrahim El-Salahi, wanda aka haifa a Umdurman ta Sudan a 1930, ɗan malami ne mai makarantar allo. Ya yi karatun zane a Landan daga 1954 zuwa 1957, ya komo gida da irin zanen da aka koya masa, ya baje shi, mutanen gari ba su kula ba. Sai ya koma ya dubi abin da su ke ratayewa a ɗakunansu, ya ga rubutun Larabci ne da ado. Ya tuna allon da a ke yi wa zayyana in yaro ya kai wani mataki a karatu, abin da su can su ke kira sharafa. Ya kama haruffa yana farfasa su, yana miƙar da wannan yana naɗe wancan, har ma'anar kalma ta tafi, siffar ta zauna, waɗansu fuskoki da dabbobi suka riƙa leƙowa daga tsakanin layuka. A farkon shekarun 1960 an nuna aikinsa a Ibadan. Amma babban gidan zanen zamani na Landan, Tate Modern, sai a 2013 ya yi masa nunin aikin rayuwarsa, yana da shekara 82, shi ne kuwa ɗan Afirka na farko da aka yi wa haka a wurin.

A Zariya ma, a 1958, waɗansu ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce za su karɓi dabarun Turawa su gama da na iyayensu. Okeke ya koma wurin mahaifiyarsa ya koyi uli, zanen layi da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Abin da Matisse ya yi ke nan, ba bambanci, sai dai shi Okeke ya faɗi wadda ta koya masa. Amma shekara da shekaru, in Bature ya aro daga Afirka sai a ce basira ce, in ɗan Afirka ya aro daga Turai sai a ce kwaikwayo ya ke yi, in kuma ya aro daga gidansu a ce ai aikin gargajiya ne, a kai shi ɗakin tukwane da kwanduna. Ta ina a ke so ya bi?

Laifin ba na Turawa kaɗai ba ne, don mu ma haka mu ke yi wa namu. Mun riƙe sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, har unguwa guda ke amsa sunansa. Bayansa fa? Dubban gidaje a Kano da Zariya da Damagaram an yi wa fuskarsu zane, ana ɗaukar hotonsu ana bugawa a littattafai, a rubuta "adon Hausawa" a ƙasa, daidai da jan akwatin Barr. Tsofaffin soraye kuwa suna faɗuwa kowace damina, siminti yana maye gurbinsu, maginan da suka san wanda ya yi wanne suna ƙarewa.

Da can ana iya cewa ba mai rubutawa. Yanzu kai da ka fita ajin yaƙi da jahilci kana da alƙalami, ga magini a unguwarku, ga mai ɗinkin riga bakin kasuwa, ga malamin da ke zayyana allon sauka. Je ka gaishe shi, ka ce, "Baba, wa ya koya maka wannan?" Ka rubuta sunansa, da na malaminsa, da garin da aka koyo, da shekarar da aka yi aikin, ka ajiye inda 'ya'yanka za su samu. Iyakar abin da Barr ya rubuta wa Cézanne ke nan a taswirarsa: suna, da lardi, da shekara.